Hannun da Keziya Ta Ɗaga

"Wato dai ni ba Kirista ba ne ke nan?"

Tun ba su gama fitowa daga ofishin Fasto ba Habila ya jefo tambayar. Keziya ta waiga da sauri, don matan ƙungiyar zumunta na zaune a harabar coci suna gwajin waƙa, su kuwa ba a raba su da tsintar magana.

"Don Allah ka rage murya, Habi..."

"In rage murya? Mutum ya dube ni ido cikin ido ya ce baftismata ba baftisma ba ce, ki ce in rage murya?"

"Ba haka ya ce ba fa!"

"To me ya ce? Fassara min, tunda ke ce 'yar gida."

Gaskiya kusan hakan Fasto Irmiya ya faɗa, sai dai shi ya lulluɓe maganar da murmushi. Dokar wannan cocin Baftis na Unguwar Shanu ba ta da kwana-kwana: ba a ɗaura wa 'yar ikilisiya aure a cikinsa sai da wanda aka nutsar a ruwa da girmansa, bayan ya furta bangaskiya da bakinsa. Habila kuwa ɗan Angilikan ne gaba da baya. Yana jariri aka yayyafa masa ruwa a goshi a can Wusasa, kuma ba wani ne ya yayyafa ba, mahaifinsa ne, marigayi Rabaran Kefas, limamin cocinsu na lokacin.

Sai da suka kai gindin darbejiyar da ya ajiye babur ɗinsa sannan ya juyo. Idonsa ya kaɗa ya yi ja.

"Kezi, kin san ban tashi na ga babana ba. Ko muryarsa ban sani ba. Abu ɗaya da na tabbata ya yi min da hannunsa shi ne wannan. Shi ne yau ake so in shiga ruwa in wanke?"

"Ba wanda ya ce ka wanke..."

"In na farkon ya yi, na biyun na mene ne?"

"Doka ce kawai, Habi! Ka shiga, ka fito, shi ke nan."

"Shi ke nan a wurinki."

Nan fa ranta ya ɓaci. Keziya dama akwai saurin hawa, in ta hau kuma bakinta kan riga tunaninta fita.

"To ni ban kai ka jiƙa rigarka saboda ni ba? Duk son da kake cewa kana min, ashe iyakarsa bakin ruwa!"

Tana faɗa ta so ta kamo maganar ta mayar ciki, amma ina! Habila ya yi mata wani kallo da ba ta taɓa gani a fuskarsa ba, tun ranar da ya fara shigowa kemis ɗin da take aiki neman maganin mura, ya yi ta dawowa har murar ta gaji ta warke shi bai daina zuwa ba. Ya buga babur ya yi hanyar Abakpa, ya bar ta tsaye da jaka a hannu.

A gida ta tarar da Baba Dikin kishingiɗe a tsakar gida da rediyo a kunne, Mama Larai na yankan alayyahu. Kallo ɗaya uwar ta yi mata ta gane an yi tsiya.

Dikin Zakariya shi ne shugaban dikinonin cocin, dattawan da ke taya Fasto riƙon jama'a. Tun da rigingimu suka sa mutanensu suka yi ta kwashe kaya suna tsallaka gada zuwa Sabo da Narayi, shi ya ce ko sama da ƙasa za su haɗe ba inda za shi. Ya zauna cikin maƙwabtansa Musulmi, su aiko masa da naman layya, shi ya aika musu da shinkafar Kirsimeti. Cocin da a da sai an jera benci a waje, yanzu rabinsa ba kowa. Duk mamban da ya tafi, sai Baba Dikin ya kwana biyu ba ya cin abincin kirki.

Ta durƙusa gefensa.

"Baba, mun ga Fasto."

"Na sani."

"Baba... ba yadda za a yi? Kai ne fa shugaban dikinoni."

Ya kashe rediyon.

"Keziya, cocin nan ba na Fasto ba ne, ba kuma nawa ba ne. Na mambobi ne. Su suka zauna suka kafa dokar nan, kina goye a bayan uwarki. 'Ya'yan mutane nawa muka hana? Yau don ta zo kan 'yata sai in lanƙwasa ta? Da wane ido zan dubi iyayensu?"

"To in aka ɗaura a cocinsu fa?"

Mama ta ajiye wuƙa. "Ke! Kul..."

"Bar ta, Larai, tambaya ta yi." Ya gyara zama. "In kika zaɓi haka, sai mambobi su zauna su sallame ki, a cire sunanki, ki bi mijinki. Ba mai ɗaure ki. Amma kada ki sa ran ganin ƙafata a wurin. In je in zauna ina tafi, gobe a kwashi jikokina a yayyafa musu ruwa suna tsala ihu, ba su san hagu ba su san dama ba? Ba da ni ba."

"Baba, Habila mutumin kirki ne..."

"Na fi ki sani. Shi ya sa nake son ya zo mana, ba ke ki tafi musu ba."

Ya mayar da rediyo kunne. In Baba Dikin ya yi haka, to magana ta ƙare.

Daga ranar Keziya ta kasa zaune ta kasa tsaye. In ta kira Habila, waya ta yi ta ƙara har ta gaji ta katse. A kemis sai a tambaye ta abu sau biyu kafin ta ji. A wurin gwajin waƙa, ita da ke ja wa mawaƙa baki, ta ɗauko baiti na biyu a maimakon na farko, duk aka rikice aka zuba mata ido. In ta tuna rabuwa da Habila sai ta rasa abin da ke mata daɗi. In ta tuna ranar aurenta babu Baba, sai ta ji auren ma ya fita daga ranta.

Ran nan da rana tsaka sai ga Habila a ƙofar kemis, ya taso daga makarantar da yake koyarwa, har da alli a hannun rigarsa.

"Na shiga ajin baftisma."

"Me ka ce?"

"Kin ji ni. Na ga Fasto, na shiga."

Ta manta da mai kemis, ta manta da masu jiran magani, ta daka tsalle.

"Habi na! Rabin raina! Kai, Allah na gode maka! Ka yafe min maganar da na faɗa maka?"

"Ya wuce."

Ya yi murmushi, amma murmushin iyakarsa leɓe. Ita kuwa murna ta rufe mata ido, ba ta lura ba.

Gida ya ɗauki shewa. Mama Larai ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo, Baba Dikin da kansa ya ce a kama zakara. Ƙawaye suka shiga rigimar anko tun ba a sa rana ba.

Sannu a hankali abin ya fara damun ta. Habila mai barkwanci, wanda in ya fara tsokana sai ta riƙe ciki, ya koma shiru-shiru. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa. In ya fito daga aji ta tambaye shi me aka koya yau, sai ya zayyano mata amsoshin tiryan-tiryan kamar ɗan firamare mai hadda, idonsa na kan titi.

Da ta ga abin ba na ƙarewa ba ne, ta shirya ta tafi Abakpa gaida mahaifiyarsa. Ta sami Mama Asabe a baranda tana tsinkar zogale. Tsohuwar ta karɓe ta hannu bibbiyu kamar kullum, har da jawo mata kujera. Keziya ta kasa haƙuri.

"Mama, kina fushi da ni?"

"Da ke? Me kika yi min, 'yata?"

"Maganar baftismar nan..."

Mama Asabe ta ci gaba da tsinkar zogalenta, sai can ta yi magana.

"Ranar da aka yi masa, babansa daga gadon asibiti ya taso. Likita ya hana, ya ce ko da rarrafe ne sai ya je. Ƙarfinsa ya riga ya ƙare, sai da na tallafo masa gwiwar hannu sannan ya iya ɗibar ruwan. Daga ranar bai sake tsayawa gaban bagadi ba." Ta goge ido da gefen zani. "Ban hana Habila ba, ai ba yaro ba ne. Na dai ce masa ranar kada ya neme ni a wurin."

"Shi me ya ce, Mama?"

"Yo yana magana ne yanzu? Tuwo ma yadda na ajiye haka nake kwashe abina."

Da Habila ya dawo ya rako ta bakin titi neman keke, ta tsaya ta tare shi.

"Habi, tsakaninka da Allah, ka gaskata abin da ake koya maka?"

"Na gaskata ina son ki."

"Ba shi na tambaye ka ba."

"Ita ce amsar da nake da ita."

"Habi..."

"Kezi, ki bar tone-tone. Zan rufe ido, a tsoma ni, a ɗago ni. Ba ke kika ce shi ke nan ba?"

Maganarta ce ya mayar mata, ko wasali bai canza ba. Har keke ya sauke ta a Unguwar Shanu ba ta san an zo ba, sai da mai keken ya buga mata ƙarfe.

Lahadin taron mambobi ta zo. Bayan sujada baƙi suka watse, aka turo ƙofa, 'yan ajin baftisma suka jeru a bencin gaba. Al'adar cocin ita ce kowannensu ya tashi, shugaban dikinoni ya yi masa tambaya, sannan mambobi su ɗaga hannu. A sauran al'amura rinjaye ake bi, amma karɓar sabon mamba sai kowa ya yarda. Ko hannu ɗaya ne ya ƙi, an dakata ke nan, sai dikinoni sun bincika. Tun da Keziya ta yi wayo ba ta taɓa ganin wanda ya ƙi ba. Fasto kan yi tambayar ne kawai don cika ƙa'ida.

Tana zaune cikin mawaƙa.

Aka zo kan Habila. Baba Dikin ya miƙe cikin babbar rigarsa ta Lahadi, fuskar nan tasa da ba a cika ganin haƙori ba yau ta washe.

"Habila Kefas, don me kake neman baftisma?"

"Domin... domin na gane cewa..." Ya sake farawa. "Na gane cewa abin da aka yi min ina jariri ba baftisma ba ce."

Coci ya ɗauki "Amin!" Amma Keziya ba bakinsa take kallo ba. Tana kallon yadda ya damƙe bayan benci har jijiyoyin hannunsa suka fito raɗa-raɗa.

"Da yardar zuciyarka ka faɗa, ba wanda ya tilasta ka?"

"Ba... ba wanda ya tilasta ni."

Fasto Irmiya ya tashi. "Waɗanda suka yarda a karɓi ɗan'uwanmu Habila, mu ga hannuwanku."

Hannuwa suka tashi ko'ina. Mama Larai saura kaɗan ta ɗaga biyu. Na Keziya na kan cinyarta, ya ƙi motsi. Zuciyarta na ce mata, ke, ɗaga mana! Ba wannan kika yi ta kuka a kai ba? Ga aure a cocinku, ga Baba yana murmushi, me kuma kike nema? Sai dai wata zuciyar ta ƙi barin ta. Kullum safiya za ta buɗe ido ta ga mutumin da ya tsaya gaban Allah ya ƙaryata ubansa saboda ita. Zai yi mata dariya, zai ci abincinta, amma ita da shi duk sun san abin da aka binne a ƙarƙashin gidan.

"Akwai wanda bai yarda ba?" in ji Fasto, har ya fara laluben kujerarsa zai zauna.

Keziya ta ɗaga hannu.

Wadda ke kusa da ita ta cafko gwiwar hannun tana raɗa. "Ke, an wuce wannan! Sauke!"

Ta ƙi saukewa.

Wata tsohuwa daga baya ta ce, "Ikon Allah! Yarinyar nan ta ji tambayar kuwa?"

Fasto ya gyara tabarau. "'Yar'uwa Keziya... ko makara kika yi wajen ɗagawa?"

"A'a, Fasto. Ban yarda ba."

"Keziya!" Muryar Baba Dikin ta cika cocin.

"Ni ma mamba ce, Baba. Ina da hannu kamar kowa."

Fasto ya daɗe yana dubanta, sannan ya ce, "To, faɗa wa ikilisiya dalilinki."

Ta miƙe.

"Bai gaskata ba. Abin da ya faɗa yanzu ba daga zuciyarsa ya fito ba, ni na sa masa a baki. Ni na matsa masa, na ce in yana so na ya shiga ruwa... shi ne ya zo ya tsaya gabanku yana faɗin abin da ba shi ne a ransa ba." Kuka ya ƙwace mata. "Ina son sa! Allah ya sani ina son sa! Amma ba zan gina aurena a kan wannan ba."

Coci ya kaure da surutu. Habila ya tashi, bai dubi kowa ba, ya ja ƙofa ya fita. Keziya ta tattare rigar mawaƙa ta bi shi da gudu.

"Habi! Habi, tsaya!"

"Me ya rage kuma? Kin kira ni maƙaryaci a gaban jama'a!"

"Ka saurare ni..."

"Na ƙi, kin ce ba na son ki. Na yarda, kin kwance min zani a kasuwa. Me kike so da ni, Keziya? Me kike so?"

"Kai nake so! Kai ɗin da na sani, ba wannan da ya kasa cin tuwon uwarsa ba!"

Ya hau babur ya tafi.

A gida kuwa ba a cewa komai. Mama Larai ta bi ta har ɗaki tana tafa hannu.

"Ke wace irin yarinya ce? Yaro ya yarda, ubanki ya yarda, coci ya yarda, ke ki sa ƙafa ki shure? Yanzu da wace fuska zan shiga zumunta?"

Unguwa ta ɗauka. Wasu suka ce ai wani mai mota ta samu, wasu suka ce a taru a yi mata addu'a. Baba Dikin bai zage ta ba, bai ɗaga mata murya ba, kuma da ma ya zage ta da ya fi mata sauƙi. In ta gaishe shi sai ya ce "lafiya" ya kau da kai. Wayar Habila a kashe. Ta yi ta zirga-zirga tsakanin ɗaki da ƙofar gida, duk babur ɗin da ya wuce sai ta leƙa. Wani lokacin ta ce daidai ta yi, wani lokacin ta ji kamar ta gantsara wa hannun cizo. Ta rasa coci, ta rasa fuskar Baba, ga shi da alama Habilan ma ta rasa shi.

Ranar Asabar da la'asar aka yi sallama. Tana jin muryar Habila ta saki tsintsiyar da ke hannunta. Ashe Baba ne ya aika a kira shi.

Suka zauna a falo, Habila a ƙasa kan tabarma, Keziya a rakuɓe jikin bango, Mama ta tsaya bakin ƙofa wai tana gyaran labule.

"Dikinoni ni suka ɗora wa binciken nan," in ji Baba Dikin. "Tambaya ɗaya ce. Nan ba Fasto, ba jama'a. Abin da ka faɗa ranar Lahadi, ka gaskata shi?"

Habila ya sunkuyar da kai.

"A'a, Baba."

"To don me ka faɗa?"

"Don ba zan iya rasa ta ba."

Baba Dikin ya ja dogon numfashi.

"Da an tsoma ka a ruwan nan, da wanka kawai aka yi maka, kuma da ni da kai da Fasto duk mun kwashi alhaki. Ina tsaye gabanka na ga yadda ka riƙe bencin nan. Na gani sarai, na kau da kai, don ina son a ce yau mun ƙaru da mutum ɗaya." Ya dubi 'yarsa, karo na farko tun ranar. "Duk cocin nan, da mu masu furfura, yarinyar nan ce kaɗai ta yi abin da ya kamata. Kuma har yanzu haushinta nake ji."

Habila ya juyo gare ta.

"Kezi, na yi fushi da ke, fushin da ban taɓa yi da kowa ba. Amma ranar ina komawa gida na cinye tuwon Mama tas, har na nemi ƙari. Tun da na shiga ajin nan ban yi barci irin na ranar ba. Ki yafe min, masoyiyata."

Ta rasa kuka za ta yi ko dariya, sai ta haɗa duka biyun.

"Ku dakata da murna," in ji Baba. "Doka tana nan inda take. Ba za a ɗaura a cocinmu ba. Keziya, zaɓi ya dawo gare ki."

Ta rarrafo ta dafa gwiwarsa.

"Baba, a cocin nan na yi rarrafe. Ranar da aka yi min baftisma kai ka tsaya da tawul kana jira na fito. Ba na son in zama cikin waɗanda suka tafi suka bar ka... Allah ya sani ba na so. Amma shi zan bi, Baba."

Mama ta fara sheshsheka daga bakin ƙofa.

"To," in ji Baba a hankali. "Ni da bakina zan kai maganar sallamarki gaban mambobi."

"Ranar auren fa, Baba? Za ka zo?"

Ya zare gwiwarsa daga hannunta, ya tashi ya shige ɗaki.

Haka kuwa aka yi. Ya tsaya gaban mambobi ya gabatar da maganar, murya ba rawa, bai ko dubi inda take ba. Aka sallame ta da addu'a. Ta ninke rigar mawaƙa ta miƙa, ta fito tana waiwayen ginin kamar yau ta fara ganin sa.

Ranar ɗaurin aure tun da sassafe Baba Dikin ya saka tsohon kaftaninsa ya fita, ya ce rufin coci na yoyo, zai je ya tsaya kan masu gyara. Aka shirya Kawu Iliya, ƙanen Mama, ya tsaya a madadinsa.

Cocin su Habila ya cika maƙil. Amarya ta yi kyau har ta gaji, amma hankalinta ba ya jikinta. Ana waƙa tana waige, ana karatu tana waige, har Mama ta matso ta mintsine ta.

"Ki daina juya wuyan nan, kin san halin ubanki."

Habila ya raɗa mata, "Kezi na, ina nan."

Ta gyaɗa kai, hawaye na bin ƙarƙashin mayafi.

Aka zo inda Rabaran ɗin cocin kan tambayi wanda ya ba da amarya. Kawu Iliya ya dafa benci ya fara miƙewa.

"Ni ne."

Daga can bakin ƙofa muryar ta fito. Duk coci aka juya. Baba Dikin ne tsaye, cikin tsohon kaftanin nan, tsatsar kwano a kafaɗarsa, hula a hannu. Ya tako a hankali tsakanin mutanen da bai sani ba, yana ɗaure da fuska kamar wanda aka aiko karɓar gawa, har ya iso gaba. Ya kama hannun 'yarsa, ya daɗe riƙe da shi, sannan ya ɗora a cikin na Habila. Ya ɗago ya dubi Rabaran.

"Da ƙyar... amma ni ne."

Wasu suka yi dariya. Keziya kam ba ta yi ba. Ta faɗa ƙirjinsa ta fashe da kuka, kwalliyar da aka ɓata safiya ana yi duk ta koma jikin kaftanin.

"Ya isa, ya isa," yake cewa yana bubbuga bayanta. "Je ki, uwata. Mijinki na jira."